Wa ya fara ajiye akwatin littattafai a bakin titi?

Wani mai karatunmu ya aiko da tambaya kan akwatunan nan da ake kafawa a ƙofar gidaje a Amurka, cike da littattafai, ba kwaɗo ba maigadi, kowa ya ɗauka ya kawo wani: wa ya ƙirƙiro su?

Amsar da ta fi yaɗuwa ita ce Todd Bol, mutumin Hudson a jihar Wisconsin. A 2009 ya haɗa ɗan akwati mai siffar makarantar ƙauye don tunawa da mahaifiyarsa, wadda malamar makaranta ce, ya kafa a gaban gidansa. Shi da Rick Brooks suka assasa ƙungiyar Little Free Library, da burin zarce ɗakunan karatu 2,509 da attajiri Andrew Carnegie ya gina. Burin ya cika a 2012.

Ni dai ban yarda a ce Bol ne na farko ba. Tun 1991 wasu masu fasaha biyu, Michael Clegg da Martin Guttmann, suka ajiye kabad na littattafai a buɗe a unguwannin Graz ta ƙasar Ostiriya, sannan Hamburg da Mainz a Jamus. Gwaji suke yi, su ga ko unguwa za ta riƙe amanar abin da babu mai tsaronsa. Abin da Bol ya ƙara shi ne suna da rajista, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Rigimar da ta fi tashe kan akwatunan daga hukuma ta fito. A 2014 hukumar garin Leawood a jihar Kansas ta aika wa wani gida takarda cewa akwatin da yaronsu ɗan shekara 9 ya kafa ya saɓa dokar hana tsayar da gini a farfajiyar gaban gida. Iyalin suka cire shi. Labari ya bazu, mutane suka yi ca, yaron da kansa ya je gaban majalisar garin ya yi bayani, majalisa ta jingine dokar na wani lokaci. A ganina gaskiya tana wajen yaron tun farko.

A 2017 kuma wasu masu bincike biyu, Jane Schmidt da Jordan Hale, suka nuna cewa a Toronto akwatunan sun fi yawa a unguwannin masu hali, inda dama ba a rasa littafi ba. Sukar tana da nauyi. Bol ya rasu a Oktoban 2018. Akwatunan da ke cikin rajista yanzu sun haura 150,000 a ƙasashe fiye da 100.