Auna Magungunan Furotin a Ruwan Jini

Auna magungunan furotin a ruwan jini hanya ce ta ɗakin gwaje-gwaje da ake bi don gano yawan maganin da ke yawo a jikin majiyyaci, ba tare da an daddatsa furotin ɗin ba. Ruwan jini shi ne ruwan ɗorawan da ke saura bayan an ware ƙwayoyin jini. Ana yin awon da na'urar mas-sifektiromita, wadda ke tantance ƙwayoyin sinadarai gwargwadon nauyinsu. Cikin magungunan furotin akwai insulin na masu ciwon sukari, da trastuzumab na sankarar mama, wanda Amurka ta amince da shi a 1998.

Tarihi

Francis Aston ya ƙera na'urarsa ta awon nauyin ƙwayoyi a Kambirij ta Ingila a 1919. An daɗe ba a iya auna furotin da irin wannan na'ura, domin zafi na wargaza shi kafin ya zama tururi. A ƙarshen shekarun 1980 John Fenn na Jami'ar Yale ya nuna cewa za a iya fesa furotin cikin na'urar da ƙarfin lantarki, ya shiga bai karye ba. Ya samu kyautar Nobel a 2002 tare da Koichi Tanaka na Japan.

Yadda ake awon

Lita ɗaya ta ruwan jini na ɗauke da furotin giram 60 zuwa 80, kusan rabi ko fiye albumin ne, kuma maganin ɗan kaɗan ne a cikinsu. Saboda haka ana fara kamo shi da ƙananan ƙwallayen maganaɗisu da aka lulluɓe da sinadarin da ke manne masa. Sai a tace shi, a fesa cikin na'urar, kwamfuta ta lissafa nauyinsa da ma'aunin dalton. Insulin na da dalton 5,808, furotin ɗin garkuwar jiki irin trastuzumab kuwa kusan 150,000.

Amfani

Hanyar da aka fi sabawa da ita ita ce a daddatsa furotin da sinadarin tirifsin, a auna guntu ɗaya a madadin duka. Wannan guntun na iya fitowa daga maganin da ya riga ya lalace a jiki. Awon furotin gaba ɗayansa yana nuna ko wani sashe ya gutsure ko ya sauya. Misalin kaifin na'urar shi ne cutar sikila: sarƙar haemoglobin ta mai cutar ta gaza ta mai lafiya da dalton 30 kacal cikin kusan 16,000, kuma na'urar tana ganin bambancin.

Iyakoki

Babban furotin yana rarraba alamarsa a wurare da yawa, don haka gano shi na wuya idan ya yi ƙaranci a jini. Na'urar na da tsada, tana kuma buƙatar tsayayyiyar wutar lantarki da ƙwararrun ma'aikata. Hanyar ta fi dacewa da magani mai furotin iri ɗaya. Maganin dafin kububuwa na EchiTAb, wanda aka gwada a Kaltungo ta Jihar Gombe, cakuɗa ne na furotin ɗin garkuwa masu yawa daga jinin tumaki ko dawaki, ba shi da nauyi guda. Irin wannan magani akan auna shi da gwajin ELISA.