Ƙaguwa mai aron gida: abin da ya kamata ka sani kafin ka sa ta a tankin ruwan gishiri

Mutanenmu da ke aiki a gidajen masu hali da otel-otel a Legas ko Fatakwal sukan ga tankin gilashi mai kifaye da murjani, wani har a ɗora masa kula da shi. A cikin tankin akan ga wani ƙaramin abu yana jan ƙwaryar dodon koɗi yana yawo a kan duwatsu. Ƙaguwa ce, kuma kuskure kaɗan ke kashe ta.

Mece ce ita?

Irin wannan ƙaguwa ta haura kala 800 a duniya. Gabanta na da sulke, amma bayanta laushi ne, a murɗe. Shi ya sa take neman ƙwaryar dodon koɗi da ya mutu ta shige ciki. Ƙafafunta 10 ne: biyu na cizo, huɗu na tafiya, sauran huɗun ƙanana ne, da su take riƙe gidan daga ciki. In ta girma gidan ya matse ta, sai ta sake wani.

Amfaninta a tanki shara ce. Tana cin gansakuka da ragowar abincin kifi, har da mushe.

Wacce za ka saya?

Waɗanda aka fi sawa tare da murjani ƙanana ne. Akwai mai shuɗin ƙafa, Clibanarius tricolor, da mai jan ƙafa, Paguristes cadenati, dukkansu daga tekun Karibiyan. Mai jan ƙafar ta fi sanyin hali. Manya irin dangin Dardanus kuwa a bar su, don suna ture murjani, suna cinye ƙananan halittu. Akwai kuma ta tudu, Coenobita. Ita wannan in ka tsoma ta a ruwa ka bar ta, nutsewa za ta yi ta mutu. Ka tambayi mai sayarwa tun kafin ka biya.

Ruwan da take so

Zafi: digiri 24 zuwa 27.
Gishiri: kamar giram 35 a lita ɗaya, wato 1.023 zuwa 1.026 a ma'auni.
pH: 8.1 zuwa 8.4.
Amoniya da naitirait: sifili.

Gishirin girki ba ya yi, sai wanda aka haɗa musamman don tankin kifin teku. Ruwan famfo ma sai an tace shi saboda kulorin. In ruwa ya ragu saboda zafi, ka ƙara mai daɗi kawai, ai ruwan ne ya tashi, gishirin yana nan. Sabon tanki kuma a bar shi sati 4 zuwa 6 ya zauna kafin a sa dabba.

Babbar matsalarmu a nan ita ce wuta. In aka ɗauke, injin da ke juya ruwa ya tsaya, iska ta ragu, ruwa ya yi zafi. Ka tanadi ƙaramin famfon iska mai batir, ko ka haɗa tankin da inbata.

Gidajen canji

Nan ne mutane suka fi yin asara. Ƙaguwar da ta rasa gidan da ya yi mata daidai za ta kashe dodon koɗin da ka saya da kuɗinka ta ƙwace nasa, ko ta fizgo 'yar'uwarta daga gida. Maganin mai sauƙi ne: ka zuba ƙwarya biyu ko uku don kowacce, masu ɗan girma kaɗan fiye da wadda take ciki. Ka tafasa su tukun, kuma banda masu fenti.

Kar ka cika su da yawa. Duk wanda ya tashi a gidan fataucin shanu ya san in garke ya fi ƙarfin makiyaya, rama da faɗa ne ke biyo baya. Ka fara da kaɗan, in gansakuka ta ƙare ka riƙa jefa musu ɗan abincin kifi mai nutsewa.

Abubuwa uku da za ka kiyaye

Na ɗaya, maganin kifi mai ɗauke da tagulla guba ne gare ta, ko kaɗan ne. Ka duba kwalba, in an rubuta copper, kar ya shiga tankin.

Na biyu, kar ka juye ta kai tsaye daga leda. Ka riƙa ɗiga mata ruwan tankin a hankali, kamar awa ɗaya, har ta saba.

Na uku, tana saɓa kamar maciji. Za ka ga abu kamar gawarta a ƙasa, alhali tsohuwar fata ce, ita tana ɓoye har sabon jikinta ya yi tauri. To kar ka yi saurin zubar da ƙwaryar, ka ba ta kwana biyu ko uku ka gani.