Son Mulki da Rashin Mai Kwaɓa: Waiwaye a Kan Basasar Kano

Tun ina ɗan firamare na fara sanin mugun buri a cikin Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam. A can ne Waziri, mutumin da ya samu duk wata ɗaukaka da bara zai samu a fada, ya ga ba ta ishe shi ba sai gadon sarautar kanta, har ya haɗa baki da Sarkin Sinari don a halaka gidan ubangidansa. Da muka shiga sakandare aka ba mu Makbes na Shakespeare, jarumin da ya kashe sarkinsa Dankan yana baƙo a gidansa, sannan ya yi ta kisa don ya tsare abin da ya ƙwata. Malamanmu sukan ce darasin shi ne son mulki mugun ciwo ne. Na yarda. Amma bayan shekaru talatin da biyar a aikin gwamnati, na ga kusan kowa na da wannan ciwo gwargwadon kujerarsa. Abin da ke bambanta masu mulki shi ne ko akwai wanda ya isa ya ce musu “a'a” su saurara. Waziri ya ci karo da aku mai wayo, makircinsa ya wargaje. Makbes kuwa matarsa ce ke zuga shi.

Tarihin Kano ya ba mu misalin da ya fi na littafi zafi, domin jinin da aka zubar na kakanninmu ne.

Sarki Abdullahi Maje Karofi ya hau gadon sarauta a 1855, ya yi mulki kusan shekara ashirin da takwas, ya bar 'ya'ya masu yawa. Ƙaninsa Muhammadu Bello ne ya gaje shi. Bello malami ne, amma ya ƙudura cewa sarauta za ta tsaya a ɗakinsa. Sai ya shiga tuɓe 'ya'yan wansa da barorinsu daga muƙamai, ya kuma naɗa ɗansa Tukur Galadima. Ba laifi ba ne uba ya so ɗansa ya gaje shi. Laifin a nan shi ne an share hanyar ta yadda duk wanda zai iya jan kunne a fada, ko dai an tuɓe shi, ko ya koyi yin shiru.

Sauran birki ɗaya ya rage, wato Sakkwato. Bisa tsarin Daular Usmaniyya, Sarkin Musulmi ne ke tabbatar da sarkin Kano, ta hannun Waziri. Da Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Waziri Buhari yana nan Kano, ya kuma ga inda zukatan jama'a suka karkata: wajen Yusufu ɗan Abdullahi. Amma Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ya hau a 1891, yana ganin Tukur da mutunci saboda bajintar da ya nuna a yaƙin Argungu, sai ya dage a naɗa shi. Ba banza mutane suka yi wa wannan sarki laƙabi da Ɗanyen Kasko ba. Waziri ya bi umarni. A nan nake tsayawa in yi tunani, domin na sha zama a ɗakin taro inda kowa ya san takardar da ke kan tebur kuskure ce, muka sa hannu duk da haka, kowa na duban fanshonsa. Saboda haka ba na gaggawar zargin Waziri.

Yusufu ya fita daga birni da 'yan'uwansa suka yi sansani a Takai. Ƙasa ta rabu biyu, Tukurawa da Yusufawa. Tukur ya ɗauki duk wanda ake zargi da goyon bayan 'yan'uwansa a matsayin ɗan tawaye, aka yi ta kisa da ƙwace dukiya a cikin birni, wanda hakan ya ƙara tura mutane Takai. Kada mai karatu ya zaci ɗaya ɓangaren tsarkaka ne. Su ma sun ci garuruwa da yaƙi, an kama Musulmi 'ya'ya an sayar a matsayin bayi, abin da Shehu Usmanu ya yi jihadi don ya hana. Kakata, Allah Ya jiƙanta, ba ta ga yaƙin ba, amma ta tashi a hannun waɗanda suka gan shi, kuma har ta rasu ba ta kiran sunan Basasa sai ta yi ƙasa da murya.

Shi kansa Yusufu bai ga sarautar da ya fita nema ba. Ya rasu a Garko a 1894, jama'arsa suka yi wa ƙaninsa Aliyu Babba mubaya'a, wanda mahaifiyarsa 'yar gidan Sarkin Musulmi ce. A wannan shekarar Aliyu ya shiga Kano da ƙarfi. Tukur ya fice zuwa ƙasar Katsina, aka bi shi, aka ci shi da yaƙi a Tafashiya a 1895, ajalinsa ke nan. Sarkin Musulmi ya nemi sauran sarakuna su taimaki wanda ya naɗa, amma ba su yi wani abin kirki ba. Tun daga ranar kowa ya gane cewa maganar Sakkwato ana iya ƙin ta a zauna lafiya.

Aliyu ya yi shekara tara kacal a kan gado. A watan Fabrairu na 1903 sojojin Ingila suka fasa ganuwar Kano yana kan hanyar dawowa daga Sakkwato. Daga baya aka kama shi, aka kai shi Yola, sannan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Turawa suka naɗa ɗan'uwansa Abbas, shi ma ɗan Abdullahi Maje Karofi. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya.