Lokaci Sabau Tsakanin Hausa da Turanci: Nazari Daga Tungan Magajiya

Gabatarwa

Tungan Magajiya gari ne a ƙaramar hukumar Rijau, cikin masarautar Kontagora, inda Dukawa da Dakarkari da Kambari da Hausawa ke cinikayya da harshen Hausa. Amma a makarantar koyon aikin lafiya da babban asibitin garin, da Turanci ake rubutu. Ma'aikacin lafiya yakan saurari majinyaci da Hausa, ya rubuta bayaninsa da Turanci. Wannan nazari ya dubi wuri ɗaya da ma'ana ke zamewa a tsakani, wato yadda ake faɗin abin da aka saba yi.

Tsarin Hausa

Masana nahawu irin su M. K. M. Galadanci, wanda littafinsa na nahawun Hausa ya fito a 1976, sun ware sigar da ke nuna sabo, wadda ake kira lokaci sabau. Alamarta ita ce "kan": nakan, yakan, sukan. Wannan "kan" ba ruwanta da jiya ko yau. "Yakan sha taba" magana ce ta yanzu. Da zarar an ce "a da yakan sha taba", ta koma baya, alhali aikatau bai motsa ba. Ke nan Hausa sabon take yi wa alama, ta bar wa kalmar "da" aikin nuna zamani.

Tsarin Turanci

Turanci ya bi ta ɗaya hannun. Sabon yanzu ba shi da alama tasa, aikatau tsurarsa ake faɗa: "I smoke", "he smokes". Sai dai a ƙarfafa shi da "usually" ko "every day". Sabon da ya wuce kuwa hanya biyu gare shi. "Used to" na nuna abin da aka yi a da kuma aka daina, aiki ne ko yanayi. "Would" ba ta ɗaukar yanayi sai aikin da ake maimaitawa, kuma sai an riga an ambaci zamanin. Shi ya sa ake cewa "she used to live in Rijau", ba a sa "would" a gurbin. Akwai kuma "be used to", wadda ma'anarta ita ce sabawa da abu har ya daina damun mutum.

Inda gizo ke saƙar

Ɗalibin da ya tashi da "kan" yana neman takwararta a Turanci. Da ya ji an fassara "used to" da "a da nakan", sai ya cire harafin ƙarshe ya samar da "I use to" don nufin yanzu. Hankali ne ya yi aiki a nan, domin Turancin zamanin Shakespeare ma yana da wannan siga kafin ta ɓace. Illar ita ce, a baki "use to" da "used to" furucinsu ɗaya. Idan ɗalibi ya gaya wa likita "he use to take herbal medicine", yana nufin majinyacin yakan sha maganin gargajiya har yanzu, likitan da ke bin daidaitaccen Turanci zai fahimci cewa ya daina. Kuskuren nahawu ya zama kuskuren magani.

Tuntuɓe na biyu daga lokaci mai ci yake. Bahaushe na cewa "ina zuwa gona kullum", sai a mayar da shi "I am going to farm every day", wanda masu duba jarrabawar WAEC da NECO ba za su karɓa ba.

Kammalawa

Haddar ƙa'ida ba ta warkar da wannan kuskure, domin tushensa na cikin harshen da ɗalibi ke tunani da shi. Abin da ya dace shi ne malami ya rubuta "yakan sha" da "a da yakan sha" a allo, ya tambayi ɗalibai me ya bambanta su, sannan ya ɗora "he drinks" da "he used to drink" a ƙarƙashi. Ɗalibin da ya gano da kansa cewa "da" ce ke haifar da "used to", zai san tambayar da zai yi wa majinyaci kafin ya ɗauki biro: har yanzu kana sha, ko ka bari?