Garantin Mota da 'Yancin Riƙe Sufana: Tarihin Wata Taƙaddama a Amurka

A watan Mayun 1955, wani magidanci mai suna Claus Henningsen ya sayi sabuwar mota ƙirar Plymouth a wurin wani dila a jihar New Jersey ta Amurka, ya ba matarsa Helen kyauta. Kwana goma da karɓar motar, Helen tana tuƙi a kan lafiyayyen titi sai ta ji wata ƙara daga gaba, sitiyari ya murɗe a hannunta, motar ta kauce ta daki bango. Tafiyar mil 468 kacal motar ta yi a duniya. Da ma'auratan suka nemi diyya, kamfanin Chrysler da dilan suka nuna musu wasu ƙananan rubuce-rubuce a bayan takardar ciniki. Garantin na kwana 90 ne ko tafiyar mil 4,000, kuma iyakar alkawarin shi ne musanya abin da ya lalace, in mai mota ya aika da shi masana'anta da kuɗin aljihunsa, in kuma kamfanin da kansa ya duba ya yarda cewa laifinsa ne.

A 1960 Kotun Ƙolin New Jersey ta yi watsi da wannan sharaɗi. Cikin hujjojinta akwai cewa kusan duk kamfanonin motocin ƙasar da takarda iri ɗaya suke amfani, saboda haka mai saye ba shi da wata ƙofar da zai ƙwanƙwasa ya samu sharaɗi mafi sauƙi. Shari'ar ta fito da abin da garanti yake a wancan zamani: takarda ce mai kama da kariya ga mai saye, alhali katanga ce kamfani ya gina wa kansa.

Shekaru hamsin kafin haka, ba a ma san wannan gardama ba. Motar Model T da Ford ya ƙera daga 1908 zuwa 1927, wadda aka sayar da fiye da miliyan 15 nata, tana zuwa ne da 'yan kayan aiki da littafin bayani da aka tsara a salon tambaya da amsa. Manomin da ke nesa da gari shi ne bakaniken kansa, don ba shi da wani zaɓi. Shaguna irin su Western Auto, wanda aka kafa a 1909, sun bunƙasa da aika wa irin waɗannan mutane kayan gyara ta gidan waya. Babu wanda ya ɗauki buɗe injin motarsa a matsayin karya alkawari, domin alkawarin kansa bai taka kara ya karya ba.

Tsoron taɓa mota ya zo ne lokacin da garanti ya yi tsawo har ya zama abin da ake jin asararsa. A 1960 Ford ya ƙara nasa zuwa wata 12 ko mil 12,000. Chrysler ya zarce kowa a motocinsa na 1963, da garantin shekara 5 ko mil 50,000 a kan injin da giya. Sai dai alherin yana da igiya a wuya: dole a juye baƙin mai duk wata uku ko mil 4,000, kuma duk wata shida mai mota ya kai wa dila shaidar cewa ya yi hakan, dila ya tabbatar a rubuce. Wanda zai je wurin dila neman sa hannu, da wuya ya ƙi barin motar a yi mata aikin a can.

A nan ne maslahar dila ta shigo. A Amurka ribar sayar da sabuwar mota ba ta kai yadda ake zato ba. Sashen gyara da na kayan gyara ƙaramin kaso suke kawowa na kuɗin da ke shiga, amma babban kaso na ribar daga nan yake fitowa. Duk abin da zai sa mai mota ya ji cewa fita daga garejin dila haɗari ne, kuɗi ne a aljihun dila. Ba sai an yi masa ƙarya ba. Ya isa a ɗaga gira a tambaye shi wa ya taɓa motar.

Koke-koke sun yi yawa a ƙarshen shekarun 1960, har Hukumar Kula da Kasuwanci ta Tarayya, wadda aka fi sani da FTC, ta yi bincike a kan garantin motoci. Abin da ya biyo baya shi ne dokar Magnuson-Moss, mai ɗauke da sunan Sanata Warren Magnuson na jihar Washington da ɗan majalisar wakilai John Moss na Kalifoniya. Shugaba Gerald Ford ya sa mata hannu ranar 4 ga Janairun 1975. Dokar ba ta tilasta wa kowane kamfani ba da garanti ba. Ta ce dai in ya bayar a rubuce, to ya bayyana sharuɗɗansa da harshen da za a fahimta, ya kuma faɗa ko cikakke ne ko mai iyaka. Ta kuma ba wanda ya yi nasara a kotu damar neman kuɗin lauyansa daga kamfanin, wanda ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da kuɗin lauya kan fi kuɗin gyaran da ake rigima a kai.

Sashen da ya fi shafar mai riƙe da sufana shi ne 102(c). Ya haramta wa kamfani ya ɗaure garantinsa da sharaɗin cewa sai an yi amfani da kaya ko aiki mai wani tambari na musamman, sai fa idan kyauta zai ba da kayan ko aikin, ko kuma FTC ta yi masa izini na musamman. Ma'anar wannan a aikace ita ce, wanda ya juye baƙin mai a ƙofar gidansa, ko ya sa filtar wani kamfani, ko ya kai motarsa garejin unguwa, garantinsa na nan daram. In kamfani zai ƙi gyara wani abu, shi ne zai nuna cewa kayan da aka sa ko aikin da aka yi ne ya jawo lalacewar. Ko ya nuna, abin da ya lalace ta wannan dalili kaɗai zai fita daga garanti. Batirin da mutum ya sauya da hannunsa ba zai zama hujjar ƙin gyara masa giya ba.

Da wannan, lissafin ya zama mai sauƙi a takarda. Abin da garanti ya ƙunsa, kamar injin da ya samu matsala daga masana'anta, kai shi wurin dila shi ne hankali, tunda kyauta ne, kuma wanda ya gyara da kansa ba a cika mayar masa da kuɗinsa ba. Haka gyaran da kamfani ya yi shelar a dawo da motoci dominsa saboda haɗari. Abubuwan da ke cinyewa da amfani kuwa, irin su kayan birki, filta da robar share gilashi, yawanci ba sa cikin garanti tun asali, saboda haka kuɗin da dila ke cazawa na kowace awar aiki ba ya saya wa mai mota wata kariyar doka da ba shi da ita. Haɗarin yana tsakiya ne, inda gyaran arha ke jingine da abu mai tsada. Wanda ya manta bai ɗaure murfin zubar da mai da kyau ba, mai ya tsiyaye, injin ya buga, babu dokar da za ta cece shi. Wanda kuma ya yi komai daidai amma bai ajiye rasit ba, bai rubuta rana da adadin tafiyar mota ba, yana da gaskiya amma ba shi da abin nunawa.

Abin mamaki shi ne yadda dokar ta shafe shekaru arba'in kamar babu ita. A 2015 FTC ta zargi sashen MINI na kamfanin BMW da gaya wa masu motoci cewa sai sun yi amfani da dilolinsa da kayansa, kamfanin kuma ya amince ya daina. A Afrilun 2018 ta aika wa kamfanoni shida takardar gargaɗi, cikinsu har da Hyundai, Sony da Nintendo. A 2022 ta ɗauki mataki a kan Harley-Davidson mai ƙera babura. Cewa har lokacin manyan kamfanoni na rubuta irin wannan sharaɗi ya nuna sun san cewa mafi yawan mutane littafin mota suke karantawa, ba kundin dokoki ba.

Kafin hukuma ta farga, fagen dagar ya riga ya koma wani wuri. Mota ta zama kwamfuta mai taya. Don sa ido a kan hayaƙi, tun daga motocin 1996 aka wajabta wa duk motar da za a sayar a Amurka ta zo da wata kafa ta bai-ɗaya a ƙarƙashin sitiyari, mai suna OBD-II, inda ake jona na'urar gano matsala. Wannan ya taimaki ƙananan gareji ƙwarai, amma abin da aka wajabta buɗewa shi ne bayanan da suka shafi hayaƙi, sauran kuwa kamfani ya riƙe. A wasu motocin BMW, sabon batir sai an sanar da kwamfutar motar da zuwansa. Sauya gilashin gaba a motoci da yawa na bukatar a sake saita kyamarar da ke bayansa. Doka ta ce mutum na da 'yancin gyarawa, motar kuma ta ƙi saurarensa.

Jihar Massachusetts ce ta fara amsa wannan. A Nuwamban 2012 kusan kashi 86 cikin ɗari na masu zaɓe suka amince a tilasta wa kamfanoni su sayar wa masu motoci da ƙananan gareji irin bayanai da na'urorin da diloli ke samu. A 2014 kamfanonin suka sa hannu a yarjejeniyar bin wannan tsari a duk faɗin ƙasar, don gudun kada kowace jiha ta fito da tata dokar. Yarjejeniyar ba ta haɗa da bayanan da mota ke aika wa kamfani kai tsaye ta iska ba, saboda haka a 2020 jihar ta sake jefa ƙuri'a, kusan kashi 75 suka ce a buɗe waɗannan ma. Kamfanonin suka garzaya kotu suna cewa hakan zai buɗe wa masu kutse hanya, damuwar da ba ta rasa tushe ba, ko da yake ta yi daidai da aljihunsu. Subaru da Kia suka zaɓi kashe wannan fasaha a sababbin motocin da suke sayarwa a jihar. Sai a Fabrairun 2025 wata alƙaliyar kotun tarayya ta kori ƙarar.

Wannan rigima tana da reshe da ya kai har Afirka ta Yamma. Da yawa daga cikin motocin da ake saukewa a tashoshin Legas da Kwatano daga Amurka suke fitowa. Garanti ba ya biyo su, ko dai don ya ƙare, ko don ba ya aiki a wajen ƙasar da aka sayar da motar, ko don kamfanin inshora ya riga ya rubuta ta a matsayin wadda ta yi mummunan haɗari. Abin da ke biyo su shi ne yadda aka ƙera su. Bakaniken da ke jona ƙaramar na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari a Kano ko Kaduna yana cin gajiyar ƙa'idar hayaƙin Amurka ta 1996. Amma daga wajen 2018 kamfanin Fiat Chrysler, magajin wanda ya ƙera motar Helen Henningsen, ya fara sa wani makulli na lantarki tsakanin wannan kafa da kwamfutocin mota. Na'ura za ta iya karanta matsalar, amma ba za ta goge ta ko ta ba mota umarni ba sai gareji ya yi rajista ta intanet, yana biyan kuɗi duk shekara. Wasu kamfanonin sun bi sahu, kuma motocin waɗannan shekaru su ne yanzu suka kai shekarun da ake loda su a jirgin ruwa.