Gyaɗar Kano da Farashin da Ake Yankewa a Nesa

Kafin shekarar 1912, manomin Mainika ko na Kabo yana shuka gyaɗa ne don ƙuli-ƙuli da man miya, rarar kuma ya kai kasuwar ƙauye. A wannan shekara aka buɗe hanyar jirgin ƙasa tsakanin Legas da Kano ga 'yan kasuwa. Turawan mulki sun sa rai auduga ce za ta cika taragai domin masaƙun Ingila, amma a Turai masana'antun sabulu da na man shafa wa burodi suna neman mai ido rufe. Manoman ƙasar Kano suka kwatanta kuɗin auduga da na gyaɗa, suka zaɓi gyaɗa. Tun daga ranar, abin da zai shiga aljihun mai gona a yammacin Kano ya rataya a kan labarin da wayar tangaraho ke kawowa daga Landan da Libaful.

Dillalai irin su Alhassan Dantata suka shiga tsakanin manoma da kamfanonin Turawa, suna raba kuɗi ga yaransu su bazu ƙauyuka saye. Ɗacin tsarin ya bayyana bayan kasuwar hannun jari ta Niyok ta rushe a watan Oktoba na 1929. Masana'antu suka rage saye, farashin gyaɗa ya faɗi warwas, amma haraji yana nan, kuma da tsabar kuɗi ake biyansa. Manomin da bai taɓa jin sunan hannun jari ba sai ya ƙara yawan buhunan da zai sayar kafin ya sallami dagaci.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ba gwamnati hujjar karɓe cinikin daga hannun kasuwa, kuma da yaƙi ya ƙare ba ta sake shi ba. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta Najeriya, a 1954 aikinta ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Hukuma ce ke shelar farashi kafin kaka, wakilanta masu lasisi ne kaɗai ke saye don fitarwa waje, ita ce kuma ke sayarwa a Turai. An ce manufar ita ce a kare manomi daga hawa da saukar kasuwa: a tara rara a shekarar daɗi, a tallafa masa a shekarar wuya.

A aikace, farashin da ake ba manomi ya daɗe yana ƙasa da na kasuwar duniya, bambancin kuwa haraji ne da ba a kira shi da sunansa ba. Masanin tattalin arziki Peter Bauer ya soki tsarin tun a 1954. Kaso mai yawa na rarar an ajiye shi a Landan, cikin takardun bashin gwamnatin Birtaniya, wato gumin manomin Gwarzo ya zama rance ga baitulmalin mai mulkinsa. Da Birtaniya ta karya darajar fam a watan Satumba na 1949, daga dala 4.03 zuwa 2.80, kuɗin Afirka ta Yamma ya faɗi tare da shi a dare ɗaya, domin a ɗaure suke. Daga baya gwamnatin Sardauna ta juya wani ɓangare na rarar ga masana'antu da ayyukan raya Arewa. Aikin ya amfani jama'a, amma wanda ya biya ba a tambaye shi ba.

Manoma da fatake ba su zauna hannu rabbana ba. A Nijar, kamfanin SONARA da aka kafa a 1962 shi ma yana yanke nasa farashin da sefa. Duk kakar da farashin Maraɗi da canjin kuɗi suka fi na Kano daɗi, sai jakuna su tsallaka iyaka da buhuna cikin dare. Idan al'amari ya juya, su ma su juya. Wannan fasa-ƙwauri shi ne ma'aunin gaskiya na kowace sanarwar hukuma.

Ana yawan ɗora bacewar dalar gyaɗa a kan farin 1973 da annobar kuturtar gyaɗa ta 1975, kuma lalle sun yi ɓarna. Sai dai fari yakan wuce. Abin da ya hana gyaɗa farfaɗowa shi ne kuɗin man fetur: gwamnati ta riƙe naira da tsada, man girki na waje ya yi araha, ƙwadago ya yi tsada, samari suka nufi birni. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe hukumomin ciniki, kuma a watan Satumba ta fara gwanjon kuɗin waje, dala ɗaya ta haura naira huɗu. Manomi ya sami 'yancin sayarwa ga wanda ya so, a daidai lokacin da taki da kayan aiki suka fi ƙarfinsa.

Hukumar ta tafi, amma hanyar da labari ke bi tana nan. Da Babban Banki ya sassauta riƙon naira a watan Yuni na 2023, 'yan canji a Wapa suka sauya lissafi nan take, dillalan Dawanau suka bi sahu, sannan labarin ya isa kasuwannin Gwarzo da Kabo a farashin taki da na buhun masara. Tangaraho ya zama wayar hannu, kwanaki sun zama mintoci, amma har yau mai gona ne na ƙarshe da ke ji, bayan waɗanda suka riga shi sun gama saye.