ATP (Adinosin Tirifosfet)

ATP sinadari ne da ƙwayoyin halitta ke amfani da shi wajen ɗaukar kuzari daga abinci zuwa wurin aiki. Ana samunsa a jikin mutum da dabba da tsiro, har da bakteriya. Gininsa ya ƙunshi adinin, da sukarin ribos, da rukunin fosfet guda uku a jere. Idan aka cire fosfet na ƙarshe, sai ya koma ADP, kuzari ya fita, kimanin kilojul 30.5 a kowane mol. Da wannan ne tsoka ke motsi, ake kuma haɗa manyan sinadarai irin su furotin da DNA.

Bajamushe Karl Lohmann ya gano shi a 1929. A 1941 Fritz Lipmann ya bayyana cewa shi ne babban mai jigilar kuzari a ƙwayar halitta.

Jiki ba ya tara ATP da yawa; sabunta shi yake yi dare da rana, kamar batirin da ake ta caji. Mafi yawan aikin a cikin maitokondiriya, wani sashe na ƙwayar halitta, ake yi. Abin mamaki shi ne girman tasirin oksijin: da ita, ƙwayar gulukos ɗaya kan ba da ATP 30 zuwa 32, ba tare da ita ba kuwa 2 kacal. Peter Mitchell ya samu kyautar Nobel a 1978 saboda bayanin yadda fatar maitokondiriya ke wannan aiki.

Gubar sayanayid tana toshe wannan hanya. Rogo mai ɗaci yana fitar da wannan guba, shi ya sa ake jiƙa shi a shanya shi kafin a ci.